Minti Ashirin na Yayyafi

Duk wanda ya ji sana'ata sai ya ce, "Au, juyar da kaset? Ai sakawa ne kawai ki danna." Ƙanwata ma haka take cewa, ita da ta taɓa zuwa shago ta ɗauki kaset ɗin bidiyo tana jujjuya shi tana neman inda ake saka masa caja. To bari in faɗi yadda aikin yake, don kada wani ya shigo shi da niyyar hutawa.

Shagonmu yana unguwar Catford a Landan, tsakanin mai gyaran waya da wata mai sayar da busasshen kifi. Mutane suna kawo tsofaffin kaset-kaset na biki da suna da saukar karatu, mu kuma mu kwashe abin da ke ciki mu zuba musu a ɗan filas, kafin lokaci ya gama cinye shi. Mai shagon shi ne Masta Isaka, mutumin zangon Kumasi. A da shi ke ɗaukar bukukuwa da kyamara a kafaɗa. Da kafaɗar ta gaji, sai ya zauna yana ceto abin da shi da ire-irensa suka ɗauka. Hausarsa ta zango ce, mace da namiji duk "ka" ne a wurinsa. Malama yake kirana, saboda ranar farko na yi kuskuren gaya masa na karanta adabi har digiri na biyu.

Kaset ɗin bikin iyayena na kawo ranar. Na tsaya ina kallon hannunsa har bas biyu suka wuce ni. Ya ɗago ya ce, "Malama, ka iya zama wuri ɗaya awa uku, ba ka taɓa waya ba?" Na ce na iya. Ya ce, "To digiri ya yi amfani." Litinin na fara aiki.

Wata uku ban taɓa komai ba sai biro. Kaset ba ya sauri don kowa. Na awa uku, awa uku zai ci, kuma kana zaune a gabansa da littafi kana rubutawa: minti kaza hoto ya yi rawa, minti kaza murya ta ɗauke. Ba a tashi. In inji ya fara tauna kaset, daƙiƙa biyu ko uku gare ka ka kashe shi, kuma ƙarar ba ta fi ta wani yana murza leda a ɗaki na gaba ba. A wata ukun nan na ga amare da yawa, kowacce kanta a sunkuye. Na san tsakar gidaje a Accra da Zariya da Tamale waɗanda ban taɓa shiga ba, na san inda suke ajiye randa. Akwai wani tsoho mai jan rawani da ya fito a kaset uku na mutanen da ba su san juna ba, kuma a duka ukun cin abinci yake yi.

Kayan aikin ba su da yawa. Ƙaramar sukudireba ta buɗe kusoshi biyar na bayan kaset. Auduga, sipirit, farin ƙyalle marar gashi, reza, da siririn salatif na haɗa zaren kaset in ya tsinke. Sai na'urar busar da 'ya'yan itace, wadda Masta ya saya a kasuwar gwanjo. A cikinta muke ɗumama kaset ɗin da danshi ya sa ya manne, wuni guda, da ɗumi kaɗan kamar na goshin mai zazzaɓi. Amma kafin duk waɗannan, hanci. Kaset ɗin da ya yi shekaru a ƙarƙashin gado a flat ɗin council, wato gidajen ƙaramar hukuma, yana da warinsa, wanda ya zauna a gareji yana da nasa. Ka shinshina, ka ɗaga shi ta wajen haske, ka duba ko funfuna ta yi masa farin gashi. In ka saka kaset mai funfuna a inji ba ka goge ba, ka kashe kaset ɗin, ka kashe injin, ka kuma shafa wa na bayansa.

Dokokin Masta biyu ne. Ta farko, kada ka tashi. Ta biyu, kada ka goge ɗanye, wato kwafin farko da ya fito daga kaset kafin ka taɓa masa komai. Akwai ta uku, amma bai faɗa mini ba, don a ganinsa duk mai hankali ya san ta.

Wata 'yar Gana daga Dagenham ta taɓa kawo kaset ɗin sunan ɗanta na fari. Tsufa ya sa kowa a ciki ya zama kore, har ragon. Na yi kwana biyu a kwamfuta ina mayar wa mutane fatarsu. Da ta gani sai ta rungume ni, kuma sati biyu tana aiko mini da shinkafa da wake da shito, soyayyen yajin nan nasu. Daga wannan aikin na fara ɗaukar kaina mai gyara abin da ya wuce. Masta kuwa ya ci rabin shinkafar.

Shekarata ta uku ita ce shekarar wahala. Tsohon Baturen da ke gyara mana injuna ya mutu, 'ya'yansa suka kwashe kayan garejinsa suka kai bola kafin mu ji labari. Da sanyi ya shigo, bututun ruwan flat ɗin da ke samanmu ya fashe, ya kashe mana inji uku. Cikinsu har da ɗaya daga cikin biyun da ke cin kaset ɗin Amurka. Kaset ɗin can ba ya yi a injin nan, hoton sai ya riƙa gudu sama kamar lif. Wanda ya rage, shi Masta yake lulluɓewa da tawul in za mu tashi. Muka riƙa mayar da masu kawo aiki, ni kuma na koyi canja bel da roba da kaina, don babu mai yi mana. A ƙarshen shekarar yayan Masta ya rasu, ya tafi Kumasi sati shida, ya bar mini makulli.

A sati na biyu wata dattijuwa ta shigo, ta buɗe jaka ta ciro wani abu naɗe a ɗankwali.

"'Yar nan, ina mai shagon?"

"Ya yi tafiya, Mama. Ni ce."

Ta dube ni daga sama har ƙasa. "Ke ce," in ji ta, sannan ta zauna.

Sunanta Hajiya Asabe, daga Woolwich. Kaset ɗin na mijinta ne, Injiniya Bello. A ƙuruciyarsa gwamnatin jiha ta tura shi karatu Amurka, ita kuma ta bi shi tana amarya. Can ya kamu da son wasan besbol, ta ce kamar yadda ake kamuwa da mura, sai dai shi bai warke ba. Wasan ƙarshe na gasar wata shekara ya ɗauka daga talabijin, kuma kaset ɗin ya bi su Kaduna, ya bi su Landan. Yanzu ciwon mantuwa ya kama shi. Bai san ranar da ake ciki ba, wani lokaci yakan kira ta da sunan yayarsa. Amma kullum in ya yi azahar zai ɗauko kaset ɗin nan, ya saka da hannunsa, ya zauna awa uku ko motsi ba ya yi.

"Cikin awa ukun nan nake wanka," ta ce. "Cikinsu nake girki, in je kasuwa in dawo. In babu su ba zan iya riƙe shi a gida ba. Zainab, 'yarmu, ta riga ta samo takardun care home, gidan kula da tsofaffi, suna nan manne a jikin firij. Jiya injinmu ya tauna kaset ɗin. Tun asuba yake bi na yana tambaya."

Na ce ta ba ni kwana huɗu.

A jikin kaset ɗin akwai rubutu da shuɗin biro, manyan baƙaƙe masu tsayuwa daidai: WASAN ƘARSHE. KADA A GOGE. Na buɗe shi. Zaren ya yamutse kamar tsawon hannu, ga funfuna a gefe guda. Na miƙar da wurin da bayan cokali a kan ƙyalle, a hankali, na goge sauran da sipirit ina juyawa da yatsa. Wannan ya ci kwana ɗaya da rabi. Irin wannan kaset sau ɗaya za ka yi tsammanin zai yarda ya wuce. Na cire wa injin Amurka tawul, na yi bismillah, na danna.

Ban taɓa ganin besbol ba kafin ranar. Ga abin da na fahimta a awar farko. Mutum ɗaya yana tsaye a kan ɗan tudu da ƙwallo kamar lemon zaƙi. Wani yana jiransa da kulki. Wani ya tsuguna a bayan mai kulkin sanye da abin rufe fuska. Sauran suna warwatse a fili, suna tofar da yawu suna gyara hula. Mai ƙwallon zai daɗe yana kallon na tsugune, ya girgiza kai, ya sake girgizawa, kamar ana tayin kaya yana cewa albarka. Sai ya jefa. Yawanci babu abin da ke faruwa. Sai a sake.

A awa ta biyu na daina ganin haka. Hasken wannan kaset rawaya-rawaya ne, irin na la'asar sakaliya, kuma duk abin da ya motsa sai ya bar 'yar inuwa a bayansa. In kyamara ta juya kan 'yan kallo, sai ka ga maza da kwat da gashin baki, mata da manyan tabarau, wata tsohuwa ta rufe fuska da hannu biyu tana leƙe ta tsakanin yatsu. Babu mai riƙe da waya. Mutane dubbai suna kallon abu ɗaya, kuma suna yin shiru tare. Mai sharhi ma yakan yi shiru ya bar iska ta yi magana. Tsakanin zagaye da zagaye ana tallan mota mai faɗi kamar kwalekwale da sabulun aski. Rabin mutanen nan sun mutu, amma a cikin kaset ɗin ba su san yadda wasan zai ƙare ba tukuna.

Ƙungiya biyu ne, masu farar riga da masu toka-toka. An shiga zagaye na tara, na ƙarshe, masu fari suna gaba da ci ɗaya. Mai jifansu ya cire hula ya share goshi. Ya ɗaga ƙafa. Sai hoton ya ɗauke, fuskar talabijin ta cika da farin tsaki-tsakin nan mai shuuu, wanda mu a shago muke kira yayyafi. Na rubuta a littafi: awa biyu da minti hamsin da ɗaya, kaset ya ƙare. Na bar shi yana tafiya saboda doka, har minti ashirin, ba komai sai yayyafi.

Sai na ce a raina, bawan Allah, shekara arba'in yana kallon wasa babu ƙarshe. Na shiga intanet da sunan garin da na ji mai sharhi yana faɗa, kuma kafin la'asar na samo wasan gaba ɗaya, tsaf kamar jiya aka ɗauka. Na yanko minti ashirin na ƙarshe. A ciki masu toka-toka suka buga ƙwallo ta haye katanga, suka ci biyu, suka ruga suka hau kan juna kamar yara. Na ga ƙarshe ne mai daɗi. Na haɗa shi daidai inda yayyafin ya fara, ɗinkin da ko Masta ba zai gane ba. Na wanke kalar sauran, na cire shuuu ɗin da ke ƙarƙashin murya. Ban tambayi kowa ɓangaren da Injiniya yake ba.

Ranar Alhamis na kai aikin Woolwich da kaina, don Hajiya ta ce ba ta san ramin da ake saka filas ba. Flat ɗinsu yana hawa na tara, ana hango kogi. Injiniya dogo ne, da suwaita a kan kaftani, hularsa zaune daidai. Ya miƙo hannu biyu yana jiran kaset. Na nuna masa filas ɗin.

"Wannan fa? Abin yanke farce ne?"

"Wasanka ne a ciki, Baba."

"Ke daga council kike?"

"Daga shagon kaset nake."

Na saka, hoto ya fito. Ya matso da kujera, ya ƙura ido, ya ce, "Wa ya wanke filin?" Ya yi kusan minti goma yana mutsu-mutsu, yana duban injinsu da ke ƙasa a kashe. Amma da mai jifa ya fara girgiza kai, sai ya lafa. Hajiya ta leƙo, ta ga ya lafa, ta ɗauki keken cefanenta. Kwana huɗu ba ta taka waje ba. Ta ce mini da hannu, yanzu zan dawo.

Mutumin da bai san sunan unguwarsu ba ya zauna ya koya mini besbol daga tushe. Ya ce na tsugunen nan shi ne mai wasan, da yatsu yake gaya wa mai jifa irin ƙwallon da zai sako. Ya nuna mini yadda ake riƙe ta don ta lanƙwasa a iska, da lemon da ke kan tebur. Ya ce a garin da ya yi karatu sanyi har cikin haƙori yake shiga, kuma wani tsoho mai sharar ɗakin karatu ne ya fara kai shi fili, ya saya masa gyaɗa, ya ce in yana son ya gane mutanen nan ya zauna ya yi shiru.

"Na yanzu ba wasa suke ba," ya ce. "Lissafi suke. Mutum ya jefa kaɗan, a ce kwamfuta ta ce ya gaji. A da sai hannunka ya mutu a jikinka ake cire ka. Dubi wannan. Dubi wuyansa. Direban babbar mota ne in an tashi daga kakar wasa."

"Wane ɓangare kake, Baba?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi addininsa. "Mu ne masu fari."

Na duba agogo, saura awa ɗaya da rabi. Na ce a raina wanda ya ajiye kaset shekara arba'in ai ya san yadda aka tashi. Na bar hoton ya ci gaba.

Da aka zo wurin, mai jifa ya cire hula ya share goshi, Injiniya ya dafa gwiwoyinsa ya miƙe. "Shi ke nan," ya ce. "Mun ci. Asabe, a kawo shayi."

Hoton bai tsaya ba. Mai jifa ya sauke ƙafa ya jefa. Injiniya ya tsaya a tsakiyar falo da hannu ɗaya a kan kujera. Bai zauna ba har minti ashirin ɗin suka ƙare. Ya ga ƙwallon ta haye katanga. Ya ga mai jifansa ya durƙusa a kan tudu, ya ga masu toka-toka sun hau kan juna.

"Yaushe aka yi wannan?"

"Da daɗewa, Baba."

"Ba a gaya mini ba."

Ana haka Hajiya ta turo ƙofa. Ta dubi talabijin, ta dubi mijinta, ta saki keken cefanen ya jingina da bango. "Innalillahi. 'Yar nan, me kika saka masa?"

A kicin ta gaya mini, tana magana ƙasa-ƙasa tana jera tumatir a firij ba tare da ta duba inda take sa su ba. Ranar wasan ya ɗauka har ƙarshe, ya ga komai. Washegari da safe ya mayar da kaset ɗin daidai wurin, ya zare wayar eriya, ya danna ɗauka, ya zauna da kofin shayi yana kallon yayyafi yana bin ta kan cin da aka yi musu. Da ya gama ya ce mata, "A gidan nan mu muka ci." Shekara da shekaru abin wasa ne a tsakaninsu, har baƙi yake kunna wa don ya ga fuskarsu. Da ciwon ya zo, sai barkwancin ya tafi, maganar ta zauna masa a matsayin gaskiya.

Ranar Asabar ta kira ni. Bai ci abincin kirki ba tun ranar. Ba ya yarda ya zauna a falo. Jiya tana sallah ya buɗe ƙofa ya fita da silifas, aka same shi a tashar jirgin ƙasa yana tambayar mutane layin da ke zuwa fili, wai zai je ya yi magana da mai jifa. Zainab ta karɓi wayar ta yi mini bayani da Turanci, a natse, ba zagi ko ɗaya. Ta ce ta yi booking, ranar Litinin za su je duba gidan tsofaffin.

Na kira Masta a Kumasi. Ina jin ƙarar tukwane da mata a bayansa. Ya saurare ni har na gama.

"Malama, lokacin yayyafi, lamba na gaban inji yana tafiya ko ya tsaya?"

Na tuna. "Tana tafiya."

"To. Kaset wanda babu komai, lamba ba ya motsi. In yana tafiya, mutum ne ya zauna ya ɗauki wannan yayyafi. Aikin mutum ne. Ka goge aikin mutum, ka sa naka."

Na ce haka ne.

"Ɗanye yana nan?"

"Yana nan."

"To me ka ke kira na? Ana raba abinci."

Abin da na yi a ranar shi ne sana'ar a juye. Na hau kan kujera na sauko da kwalin da Masta ke ɓoye sababbin kaset, waɗanda ba a ƙera irinsu yanzu. Na ɗauko ɗanyen kwafi, da rawayar kalarsa da rawar hotonsa da shuuu ɗinsa, na mayar da shi kan kaset ta injin Amurka. Awa uku da minti goma sha ɗaya, ina zaune, har yayyafin ya ƙare. Sannan na kwance kusoshi biyar na tsohon kaset, na cire zarensa na naɗe a takarda, na zuba sabon a cikin tsohon gidan, don rubutun shuɗin biro ya zauna inda yake. Da yamma na je na ɗauko injinsu a tasi. Irin mai cin kowane kaset ne, wanda mutanenmu suke sayowa a da. Bel ɗinsa ya saki, robar da ke jan zare ta yi santsi kamar gilashi. Na canja su, na goge kansa, na gwada shi da kaset uku da ba na tsoron asararsu.

Lahadi bayan azahar na koma. Injiniya yana ɗaki ya ƙi fitowa. Hajiya ta karɓi kaset ɗin ta ajiye a kan tebur inda yake zama kullum, ta koma kicin tana buga tukunya da ƙarfi fiye da yadda tukunyar ke buƙata. Na zauna a gefe. An yi kusan rabin awa kafin ya fito neman wani abu da ya manta ko mene ne. Ya ga kaset ɗin. Ya ɗauka, ya karanta rubutunsa da leɓe, ya hure ƙurar da babu, ya durƙusa ya tura shi. Inji ya haɗiye da ƙarar nan tasa, ƙarƙaf. Hoto ya fito yana rawa, rawaya, da layi a ƙasa.

"Yawwa," ya ce, ya zauna.

Hajiya ba ta je kasuwa ba. Ta tsaya a ƙofar kicin da ludayi a hannu, ta koma, ta sake fitowa. Shi kuwa ya sake koya mini besbol daga tushe, da lemo. Ya sake tambayata ko daga council nake.

Mai jifa ya cire hula ya share goshi. Ya ɗaga ƙafa. Yayyafi ya sauko.

Injiniya bai miƙe ba. Ya zauna yana kallon farin tsaki-tsakin, hannuwansa a kan gwiwa. Lambar gaban inji tana tafiya, ina ƙirga ta. Minti ɗaya. Minti ɗaya da rabi. A bayana na ji Hajiya ta ajiye ludayin a hankali.

Sai ya juyo gare ni. "Gara da aka tsaya nan," ya ce. "Hannun mutumin nan ya gaji." Ya dafa gwiwa ya miƙe. "Mun ci. Asabe, shayin fa?"

Ta kawo shayi da biredi, ya cinye, ya nemi ƙari. Da zan tafi na ga ta cire takardun daga jikin firij. Ba ta jefa su a shara ba, ta saka su a durowar cokula ta rufe. Ta kira Zainab a gabana ta ce a yi cancel na Litinin. Sannan ta ce mini, "Gobe ƙarfe ɗaya zan je kasuwa. In kin kuma gyara mana wani abu, 'yar nan, ki fara tambaya."

Na yi musu kaset uku na ajiya, kowanne da yayyafinsa. Da Masta ya dawo ya buɗe littafi, ya ja layi a kan inda na rubuta kaset ya ƙare, ya miƙo mini biro. Na rubuta: yayyafi, minti ashirin, na mai kaset ne.

Yanzu in wani ya zo yana son koyon aikin, ba na tambayarsa takarda. Kujera nake ba shi, in kunna masa minti ashirin ɗin nan, in ce ya kalla. Wanda ya tambaye ni ko za a iya turawa gaba, sai in raka shi ƙofa in nuna masa shagon mai gyaran waya. Shi ma yana neman ma'aikata.